Tuffa ta yi fure amma ba 'ya'ya: tambayoyi da amsoshi kan barbarar fure

Waɗannan tambayoyin su ne masu dashen tuffa suke ta maimaitawa, musamman waɗanda suka sayi dashe ɗaya ko biyu suka kafa a gida ko a lambu suna jiran ranar cin aful ɗin kansu. Na sa wa kowace tambaya lamba don in amsa ta taɓo wata a san inda za a duba.

1. Bishiyata ta cika da fure fal, amma duk ya kakkaɓe ko ɗa ɗaya bai tsaya ba. Me ya faru?

Kafin ka zargi taki ko ruwa ko ƙasa, fara tambayar kanka: akwai wata tuffa ta wani nau'i daban kusa da ita wadda ta yi fure a lokaci ɗaya da ita? In amsar a'a ce to yawanci nan matsalar take. Mafi yawan nau'o'in tuffa ba sa karɓar garin furen kansu, sai an kawo musu na wani nau'in, kuma ƙudan zuma ne ke kawowa. Furen da bai samu barbara ba bayan 'yan kwanaki gindinsa zai yi ɗorawa ya faɗi, bishiyar kuma lafiyarta ƙalau, ganye shar, shi ya sa abin ke ɗaure wa mutane kai har wasu su yi ta ƙara taki ba gaira ba dalili. Akwai wasu dalilan kamar zafi da ruwan sama da feshi, suna tambaya ta 10 da ta 13, amma wannan shi ne na farko.

2. Tuffa tana da namiji da mace ne kamar gwanda ko dabino?

A'a. Dabino kam akwai bishiya namiji akwai mace, har masu lambun dabino suna hawa su sa wa macen garin namijin da hannu. Tuffa ba haka take ba, kowane fure ɗaya yana ɗauke da ɓangarorin biyu. In ka tsinki fure ka duba da kyau za ka ga filaye 5 farare masu ɗan ja-ja, sai zarurruka wajen 20 masu ɗan kai rawaya, su ne ɓangaren namiji masu fitar da gari, a tsakiya kuma akwai wasu zarurruka 5 masu ɗan danƙo a kai, su ne ɓangaren mace. Kowane ɗaya cikin 5 ɗin nan yana gangarawa zuwa ɗaki guda a gindin furen, kowane ɗaki da ƙwai 2, shi ya sa in ka yanka tuffa a kwance kake ganin tauraro mai kusurwa 5, kuma a yawancin nau'o'i ƙwayoyin ciki ba sa wuce 10.

Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da "namijin aful" bai san abin da yake sayarwa ba. Abin da kake nema wani nau'i ne daban, shi ma zai yi nasa 'ya'yan, kowa na yi wa ɗan'uwansa barbara.

3. To in furen yana da duka biyun, me ya hana shi yi wa kansa?

Tsari ne da ke cikin halittar bishiyar. Garin fure in ya sauka kan zaren mace sai ya tsiro da wani siririn bututu da zai bi ta cikin zaren har ya kai ga ƙwai. To kowace bishiyar tuffa tana da tambarin gado guda 2 da masana ke kira S, suna ba su lamba, kuma kowace ƙwayar gari tana ɗauke da ɗaya daga cikin biyun. In zaren mace ya ji tambarin da garin ya zo da shi irin nasa ne, sai ya saki wani sinadari da zai tsayar da bututun a hanya, bai kai ba balle a samu ƙwaya. Garin bishiyar kanta dole tambarinsa ya zama nata, kenan duk a hanya zai mutu.

Ga misali don a gane. A cikin nau'o'in tuffa, Golden Delicious tana da S2 da S3, Gala tana da S2 da S5, Fuji S1 da S9, Granny Smith S3 da S23. In ka haɗa Gala da Granny Smith ba su yi tarayya a ko ɗaya ba, duk garin da ya sauka zai yi aiki. In ka haɗa Gala da Golden Delicious, wadda ita ce ɗaya daga iyayen Gala, sun haɗu a S2, to rabin garin ne zai wuce rabi ya tsaya. Za a samu 'ya'ya, amma in zuma ta yi ƙaranci ko yanayi ya ɓaci a nan ake fara ganin bambanci.

4. Ina da bishiya 10 duk nau'i ɗaya, ba za su yi wa juna ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane wallahi, don mutum zai zuba jari ya cika fili da nau'i ɗaya yana ganin ai ga bishiyoyi nan da yawa. Tuffa ta hanyar aure ake yaɗa ta, a yanko reshe daga uwa a ɗaura kan wani gindin, kenan, alal misali, duk tuffa nau'in Anna ta duniya reshen bishiya ɗaya ce tun asali. Goma ce ko dubu, a wajen barbara bishiya ɗaya ce, tambarinsu ɗaya. Haka ma nau'o'in da suka samu daga reshen da ya canza launi kawai, kamar Royal Gala da Gala, suna ne ya bambanta amma tambarin S ɗin bai canza ba, ba sa yi wa juna komai.

5. Mai sayar da dashe ya ce min nawa yana yi shi kaɗai. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya amma ba duka ba. Wasu nau'o'in suna ɗan kama 'ya'ya ko ba abokin barbara, irin su Golden Delicious, Rome Beauty, Granny Smith da Anna, a Ingila ma akwai wani reshen nau'in Cox da aka zaɓo musamman don yana yi shi kaɗai. Sai dai "yana kamawa" daban, "yana cika kwando" daban. Anna in ita kaɗai ce takan ba da 'ya'ya 'yan kaɗan, dogaye, ƙwayar ciki ɗaya ko biyu ko ma babu, in aka sa mata Dorsett Golden a gefe sai ka ga sun fi yawa sun fi cika. Ni dai ra'ayina, ko an rantse maka yana yi shi kaɗai ka sayi na biyu, kuɗin dashe ɗaya bai kai asarar shekara 3 ana jira ba.

Kana iya gwadawa da kanka ma. Kafin fure ya buɗe ka rufe dami 3 ko 4 da jakar takarda ko yankin gidan sauro ka ɗaure, yadda ƙwaro ba zai shiga ba, bayan fure ya gama ka buɗe ka kwatanta da waɗanda ka bari a sarari.

6. Wane nau'i zan haɗa da wane?

Sharaɗi 3 ne: su zama nau'i daban, su yi fure lokaci ɗaya, kuma garin kowannensu ya zama mai rai, wannan na ƙarshen duba tambaya ta 7. A wurinmu akwai na huɗu da ya fi su duka, wato sanyi. Asalin tuffa daga tsaunukan Asiya ta Tsakiya take, wajajen Almaty a Kazakistan, kuma idanun furenta ba sa farkawa sai sun sha sanyi mai tsanani, ana ƙirga sa'o'in da ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. Nau'o'in ƙasashen sanyi da yawa suna son sa'a 800 zuwa sama da 1,000. Ko a Jos mai tsayin wajen mita 1,200 ko tsaunin Mambilla da ya fi ta tsayi ba a samun haka. Aful ɗin da muke saya a kasuwa galibi daga Afirka ta Kudu ake shigo da shi, daga yankuna irin su Ceres da Elgin masu damunar sanyi, shi ya sa ba kowane sunan da ka gani a jikin kwali ne zai yi a gonarka ba.

Waɗanda aka sani da ƙaramar buƙatar sanyi su ne Anna, wadda aka samar a Ein Shemer a Isra'ila a shekarun 1950, tana son kamar sa'a 200 zuwa 300, sai Dorsett Golden da ta fito daga tsibiran Bahamas, sai wani nau'in da shi ma ake kira Ein Shemer, da Tropic Sweet daga Jami'ar Florida, da na Brazil irin su Princesa da Eva. Haɗin da aka fi yi a ƙasashen zafi shi ne Anna da Dorsett Golden, don furensu yana fitowa kusan tare. In ka haɗa Anna da wani mai son sanyi sosai, Anna za ta yi fure ta gama shi ko motsi bai yi ba. Kuma don Allah ka nace a faɗa maka sunan nau'in da kake saya, "ja" da "kore" ba suna ba ne, kana iya sayen biyu ashe abu ɗaya ne.

7. Na ji ana cewa wasu sai an shuka 3. Me ya sa?

Tuffa ta yau da kullum tana da kromozom 34, wato zarurrukan gadon halitta da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinta, amma wasu nau'o'in suna da 51, kashi uku maimakon biyu. Irin waɗannan suna yin manyan 'ya'ya da ƙarfin girma, sai dai garinsu kusan duk matacce ne. Jonagold, Mutsu, Bramley, Gravenstein da Boskoop duk suna ciki. Suna karɓa ba sa bayarwa, to in ka sa Jonagold da abokiya ɗaya, Jonagold za ta kama abokiyar ta zauna haka nan, dole sai da ta uku da za ta yi wa abokiyar. Ƙari a kan haka Jonagold tambarinta S2, S3 da S9 ne, kenan garin Golden Delicious duk ba ya shiga, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 3. Masu Anna da Dorsett Golden wannan bai shafe su ba.

8. Ina da nau'i 2 amma furensu ba ya zuwa tare, ya zan yi?

A ƙasashen sanyi hunturu ne ke kwantar da bishiyoyi gaba ɗaya ya tashe su gaba ɗaya. Mu nan ba mai yin wannan aikin sai mai lambu. In aka bar tuffa a ƙasar zafi sai ta riƙa fure jefi-jefi, wannan reshen yau wancan bayan wata guda, rassa su yi tsawo tsirara ganye a baki kawai. Manoman Batu da ke gabashin tsibirin Java a Indunusiya sun daɗe da gano dabarar: bayan an cire 'ya'ya da kamar wata 1, in idanun reshe sun cika, sai su tsige ganyen bishiyar kaf da hannu, su yi mata aski, su lanƙwaso rassan su ɗaure su a kwance. Bayan 'yan makonni sai fure ya ɓarke lokaci guda, da haka suke girbi sau 2 a shekara.

Abin da ya shafi barbara a nan shi ne ka tsige ganyen nau'o'in biyu a tare. In ka lura ɗaya yana riga ɗaya fure da kwana 5 ko mako, zagaye na gaba sai ka fara tsige mai nawar ka jinkirta mai saurin da adadin kwanakin. Ka riƙa rubutawa a littafi, ranar tsigewa da ranar da fure ya fara da ranar da ya cika, wannan littafin ya fi maka duk wani jadawalin Turai amfani don nasu ba da yanayinka aka yi shi ba. Kuma tunda kai ke zaɓar lokaci, kar ka sa fure ya faɗo tsakiyar ruwan Agusta ko tsakiyar zafin bazara. Akwai sinadaran da ake fesawa don tayar da ido, amma suna da haɗari ga mai feshin, wanda bai samu horo ba ya tsaya a kan hannu.

9. Nisa nawa ya kamata ya kasance tsakaninsu?

A gida, in suna cikin mita 15 zuwa 30 da juna ya yi, kusa ya fi. A gona, zuma ta fi bin layi ta miƙe da ta tsallaka layi, don haka kar ka ware nau'i ɗaya gabas ɗaya yamma. Ko dai ka yi layi 2 na wannan layi 2 na wancan, ko ka bi tsohon tsarin nan na kowace bishiya ta 3 a kowane layi na 3 ta zama ta barbara, wato 1 cikin 9. Manyan gonaki a Turai da Amurka suna tsarma tuffar daji mai ƙananan 'ya'ya irin su Evereste da Golden Hornet cikin layi don furenta yana da yawa kuma yana daɗewa, amma su ma masu son sanyi ne.

10. Dole sai da zuma? Iska ba ta isa ba?

Iska ba ta yi. Garin tuffa yana da nauyi da danƙo, sai ƙwaro ya ɗauka. Ƙudan zuma ne kan gaba, sai ƙananan zumar daji da wasu ƙudaje masu bin fure. A Japan ma wata zumar da ba ta yin saƙa suke kiwo cikin guntayen kara don gonakin tuffa. Manoman kasuwa sukan sa akwatin zuma 2 zuwa 3 a kowace hekta, kuma ba sa kawowa sai furen farko ya fara buɗewa, don in aka kawo da wuri zumar za ta saba da wani furen ta ƙyale tuffar. Wannan abin lura ne a wurinmu in furen tuffarka ya haɗu da na mangwaro. Amya ta gargajiya a kan bishiyar da ke gefen lambu ita ma tana aiki, sai dai zumarmu tana da faɗa, a nisanta ta da gida da turken dabbobi.

Babban abin da nake roƙo shi ne kar a yi feshin maganin ƙwari alhali fure yana buɗe. Mutum zai ga 'yan ƙwari a fure ya ɗauko famfo, ya kashe masu yi masa aikin da hannunsa. In feshi ya zama dole a yi kafin fure ko bayan ya kakkaɓe, da yamma liƙis bayan zuma ta koma, kuma a nome ciyawa mai fure da ke ƙarƙashin bishiya tukuna. Ka tsaya gindin bishiyar da hantsi ranar da rana ta fito, in ka yi minti 5 ba ka ga zuma tana yawo ba akwai matsala.

11. Fili na bishiya ɗaya kawai gare ni, akwai mafita?

Akwai. Mafi dorewa shi ne ka yi wa reshe ɗaya ko biyu aure da wani nau'in, bishiya ɗaya ta zama tana ɗauke da biyu, duk wanda ya iya auren mangwaro zai iya koyon na tuffa. Ka ɗaura wa reshen alama kar ka sare shi wajen aski, kuma sai ya shekara 1 ko 2 kafin ya fara fure. Kafin nan, in ka san mai wani nau'in, ka roƙi 'yan rassa masu fure ka sa a gwangwani ko bokiti da ruwa ka rataye cikin bishiyarka, kana canza ruwan, zuma za ta yi sauran. In maƙwabcinka na da sha'awa ma ku yi shawara kai ka sa Anna shi ya sa Dorsett Golden, katanga ba ta hana zuma.

12. Zan iya yin barbarar da hannu?

Ƙwarai, a wasu yankunan Sichuan a ƙasar Sin haka aka riƙa yi wa gona guda. Ka tsinko furen ɗaya nau'in lokacin da ya kumbura yana dab da buɗewa, ka karkaɗe ƙananan kawunan nan rawaya a kan farar takarda, ka bar su a ɗaki inda ba rana ba iska kwana 1 ko 2 har su fashe gari ya fito. Sai ka sa ɗan buroshi mai laushi ko gashin kaza ka dangwala ka taɓa tsakiyar furen da ya buɗe a ranar ko jiya. Da hantsi ya fi, bayan raɓa ta bushe. Ba sai ka bi kowane fure ba, a kowane dami mai fure 5 ko 6 na tsakiya shi ke fara buɗewa kuma shi ke ba da ɗa mafi girma, shi za ka taɓa da ɗaya a gefensa. Ka maimaita bayan kwana 2 don waɗanda suka buɗe daga baya.

13. Ya kama 'ya'ya ƙanana sannan suka zube, wannan kuma fa?

In wasu ne suka zube wasu suka tsaya, wannan al'ada ce, kar hankalinka ya tashi. Bishiyar da ta cika da fure kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai take buƙatar riƙewa ta ba da cikakken girbi. Zubewar farko tana zuwa dab da kakkaɓewar fure, waɗanda ba su samu barbara ba kenan, ta biyu bayan kamar wata 1 zuwa mako 6, bishiyar ce ke zubar da masu ƙarancin ƙwaya don ƙwayoyin ciki su ne ke janyo wa ɗa abinci. Ka tsinci waɗanda suka faɗi ka yanka, in ba ƙwaya ko ƙwaya 1 ce to barbara ce ta gaza, in ƙwayoyi sun cika amma duk da haka sun faɗi sai ka duba ƙishirwa ko tsutsa ko bishiyar ta yi ƙanƙanta da ɗaukar kaya.

Yanayi ma yana da hannu sosai. Ƙwan fure kwanakinsa ƙidayayyu ne, bututun gari kuma yana ɗaukar kamar kwana 2 kafin ya isa in akwai ɗumi, in sanyi ya yi yawa ya wuce mako. A Turai sanyin ne damuwarsu, mu namu akasin haka ne, zafi mai tsanani da busasshiyar iska suna busar da danƙon zaren mace su gajarta ran ƙwan, shi ya sa fure a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Damagaram da wuya ya tsaya. Wanda ke irin waɗannan wurare ya gwada da bishiya kaɗan tukuna kafin ya sa kuɗi mai yawa. Ruwan sama mai yawa yana wanke gari ya hana zuma fita. Yuriya in ta yi yawa ganye za ka samu, kuma kar ka bar bishiya da ƙishi daga fure har 'ya'ya su kafu.

14. Me ya sa wasu 'ya'yan ke fitowa a karkace, gefe ɗaya ya fi girma?

Yanka shi a kwance ka gani, gefen da ya shanye za ka tarar ɗakunansa ba ƙwaya. An yi barbara amma ba ta cika ba, zuma ba ta zagaya furen sosai ba ko garin rabi ne ke aiki. Ɗa mai ƙwaya 6 zuwa sama yakan fito da kyau ya kuma fi jure ajiya. Ƙirga ƙwaya ita ce hanya mafi sauƙi ta sanin ko barbarar lambunka tana tafiya daidai.

In kuma abin ya yi kyau har 'ya'ya suka yi cunkus, sai ka rage da hannu cikin wata na farko bayan fure, ka bar 1 ko 2 a kowane dami, tazarar kamar santimita 15 zuwa 20 a kan reshe. Na san da ciwo mutum ya tsinke abin da ya daɗe yana jira, amma in ka bar su duka za su fito ƙanana, reshe ya karye, kuma sinadarin da ƙwayoyin ke fitarwa yana hana idanun furen zagaye na gaba kafuwa, sai ka ga bana ta yi baɗi ta huta.

15. Garin wani nau'in zai canza ɗanɗano ko launin aful ɗina? Kuma in na shuka ƙwayar me zai fito?

Ba zai canza ba. Manomin masara ya saba ganin ƙwaya rawaya a jikin farar masara in gonar maƙwabci rawaya ce, don a masara ƙwayar ake ci. A tuffa naman da kake ci jikin uwar ne, Anna za ta fito Anna ko wa ya yi mata barbara. Ƙwayar ciki ce kaɗai ta zama gauraye.

Shi ya sa in ka shuka ƙwayar aful ɗin kasuwa abin da zai fito sabon nau'i ne da ba wanda ya taɓa gani, yawanci ƙarami mai tsami, zai iya kai shekara 6 zuwa 10 kafin ya yi fure, alhali mai aure shekara 2 zuwa 4 ne, kuma ga gadon son sanyi daga iyayensa. Wani lokacin dai ana dacewa, Granny Smith haka ta tsiro da kanta a wajen Sydney a 1868, Golden Delicious ma a wata gona a West Virginia aka tsince ta, Fuji kuwa da gangan aka haɗa Red Delicious da Ralls Janet a Japan a ƙarshen shekarun 1930 ba a fitar da ita ba sai 1962. In ka riga ka shuka ƙwaya ta tsiro kar ka tumɓuke, in ta kai kaurin fensir ka yi mata aure da reshen Anna ko Dorsett Golden.